Nas mai zuwa gida lokacin kemo: yadda muka kwashe da kamfanin da muka ɗauka wa Umma

Assalamu alaikum. Masu tambayata ko akwai amfani mutum ya biya kuɗi a riƙa turo masa nas gida lokacin da mara lafiyarsa ke karɓar kemo, wato ruwan maganin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya, amsata ita ce akwai, sosai ma, amma gaskiya ya danganta da wacce aka turo miki, don mu a kamfani ɗaya muka ga nas ɗin da har gobe ina saka ta a addu'a, kuma a kamfanin dai muka ga wadda sai da na ce kar ta ƙara tako mana gida. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, a nan Kano suke, irin waɗanda ake yi wa magana ta WhatsApp su turo miki tsarinsu, akwai na ziyara ɗaya, akwai na wuni, akwai na kwana.

Umma sankarar mama ce ta same ta, aka yi tiyata aka cire na hagu, sannan likita ya rubuta kemo zagaye 8, duk bayan kwana 21. Huɗun farko jan ruwan nan ne doxorubicin haɗe da cyclophosphamide, huɗun ƙarshe kuma paclitaxel. Kafin a fara aka yi ta gwaje-gwaje, har da hoton zuciya saboda shi jan ruwan yana iya taɓa zuciya, toh a cikin gwajin jinin ne aka ga tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, matar da ba ta taɓa yin ko shawara ba a rayuwarta. Likitan ya yi mana bayani cewa ƙwayar tana iya zama lamo a jikin mutum shekara da shekaru, amma da zarar kemo ta karya garkuwar jiki, ga kuma dexamethasone da ake haɗawa saboda amai, sai ta samu sarari ta hayayyafa, hanta ta kumbura, wani har ta kai ga an dakatar da kemon gaba ɗaya ko ma a rasa shi. Shi ya sa aka ɗora ta a kan tenofovir 300mg ƙwaya ɗaya kullum tun kafin ruwan farko, bayan an yi mata gwajin HIV an ga babu, aka ce kuma za ta ci gaba da sha ko an gama kemo, aƙalla wata 6 zuwa shekara, sai likitan hanta ya ce a tsaya. Kun ga ke nan magani biyu masu nauyi a jikin dattijuwa ɗaya, ni kuma ina zuwa aiki, ƙannena duk maza ne, dalilin neman nas ke nan.

Abin da ya fara burge ni da su, da na tambaya ko za su iya saka mata kemon a gida don mu huta da layin asibiti, kai tsaye suka ce a'a ba sa yi. Daga baya na gane darajar wannan amsa, saboda jan ruwan nan idan ya kuskure jijiya ya zuba a cikin tsoka yana cinye naman wurin ne, dole sai a ɗakin da aka tanada da mutanen da suka san shi. Duk wanda ya ce miki zai zo ya ɗaura wa mara lafiyarki kemo a falo dan Allah ki guje shi. Na kuma ce su turo min lasisin nas ɗin na hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, suka turo ba gardama.

Wadda suka fara turo mana, Sista muke ce mata kawai, ta taɓa aiki a ɗakin masu kansa kuma wallahi ana gani a hannunta. Ranar farko ba ta zo da wani dogon turanci ba, littafin rubutu na 'yan makaranta ta sa aka siyo da ma'aunin zafin jiki, ta ja layi-layi, zafin jiki safe da yamma, sau nawa aka yi amai, an yi bayan gida ko ba a yi ba, ruwa kofi nawa, an sha ƙwayar hanta ko ba a sha ba. Ta samu filasta ta rubuta a bangon gadon Umma cewa ba a awon jini, ba a allura, ba a ɗibar jini a hannun hagu, saboda an cire kaluluwar hammatar wannan ɓangaren, hannun yana iya kumbura ya ƙi sacewa. Sannan ta durƙusa gaban Umma ta ce, "Mama, gobe in kin ga fitsarinki ya yi ja kar hankalinki ya tashi, ba jini ba ne, kalar maganin ce, kwana ɗaya zuwa biyu zai washe." Ba don ta faɗa ba na san da asuba za mu kwasa sai asibiti. Ta kuma ce a kwana biyun farko bayan kowane ruwa a riƙa kora banɗaki sau biyu, duk mai wanke amai ko zanin gado ya sa safar hannu, matar ƙanena da ke da ciki kuma kar ta taɓa wannan aikin kwata-kwata.

Maganar amai, ni da a tunanina sai mutum ya fara amai ake ba shi maganin amai. Ita ta ce a'a, ondansetron ɗin da likita ya rubuta a kan lokaci ake shan sa a kwanakin farko ko zuciya na tashi ko ba ta tashi, don in aman ya riga ya ɓalle tsayar da shi aiki ne. Ta gargaɗe mu cewa shi kuma yana ɗaure ciki, haka kuwa aka yi, sai da aka haɗa da gwanda da ruwa mai yawa da maganin da likita ya ƙara. Ta hana kunna turaren wuta a ɗakin, wanda ga Umma wannan ba ƙaramar magana ba ce, ta ce a daina suya kusa da tagarta, abinci kuma a bar shi ya huce kafin a kai mata don tururin ne ke tayar da zuciya. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunun gyaɗa, koko da 'yar citta, faten dankali, dafaffen ƙwai, romon kaza marar yaji. Inda aka kai ruwa rana shi ne fura da nono, Umma ba ta wuni ba ta sha ba, Sista ta ce nonon da ake tallansa a ƙwarya ba a san ko an dafa madarar ba, a wannan halin ba za ta sha ba, amma ba ta hana ta furar ba, ta ce a dama da yogot na roba mai hatimi. Haka salak da yankakkiyar kankana ta bakin titi da tsire da zoɓon ƙulli duk aka jingine su. Na ji daɗin yadda ba ta cewa "an hana" kawai ta yi shiru, kullum sai ta kawo madadin abin.

Baki kuwa ya yi gyambo a zagaye na biyu, har ruwa zafi yake mata. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri da hodar baking soda ta haɗa, a kurkure bayan kowane cin abinci da kafin barci, burushi mai laushi irin na yara, asuwaki a ajiye tukuna saboda yana fasa dasashi, ruwan wankin baki na kanti mai yaji shi ma a'a. Da ta ga fari-fari a harshe ba ta tsaya haɗa nata maganin ba, hoto ta ɗauka ta ce in tura wa likita.

Gashi ya fara zuba wajen sati na biyu zuwa na uku bayan ruwan farko, kamar yadda ta faɗa tun farko. Abin da ta yi a nan ba ya cikin abin da muka biya. Tun kafin ya fara ta lallaɓa Umma aka tsefe kitson, ta ce in ya zube a cikin kitso yana cukurkuɗewa ya yi ciwo, ranar da ya fara fita da yawa kuma ta rufe ƙofa, daga ita sai ni sai Umma, ta shimfiɗa tsohon zani ta rage shi da almakashi a hankali tana jan ta da hirar aikin Hajji, ta tattare gashin ta ƙulle ta miƙa wa Umma a hannu ta ce ta yi yadda ta saba yi da shi, ta ɗaura mata ɗankwali mai laushi. Umma ba ta yi kuka a gabanta ba, ni ce na fita tsakar gida na yi.

Amma babban dalilin da zai sa in ce kuɗin nan bai tafi a banza ba shi ne zazzaɓi. Tun ranar farko take nanata mana cewa daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ruwa fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna faɗuwa ƙasa warwas, a wannan tsakanin idan ma'auni ya nuna 38 ba a jira gari ya waye. Wani dare Umma ta fara rawar sanyi, na auna na ga ya haura 38, Kawu yana gidan ya ce maleriya ce kawai damina ce, a aika kemis a siyo maganin maleriya da paracetamol zuwa safe a gani, kuma wallahi duk wanda ya tashi a garin nan abin da zai ce ke nan. Na kira layin kamfanin da suka ce yana aiki dare da rana, ya yi ta ringin ba a ɗauka ba. Na kira Sista a wayarta ta kanta, bugu ɗaya ta ɗauka, ta ce, "Anti kar ki ba ta paracetamol zai ɓoye zafin, ɗauki katinta da littafin nan ku tafi emajensi yanzu, kina shiga ki ce musu tana kan kemo kuma yau kwana kaza da ruwanta, kar ki bari a ce ku zauna a layi." Na miƙa wa Kawu wayar, ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Baba, ko maleriyar ce a can za a gwada, amma in ba ita ba ce zuwa safe an makara." Da aka auna jinin, fararen ƙwayoyin sun kusa ƙarewa, nan take aka ɗaura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya aka kwantar da ita. Daga wannan zagayen likita ya ƙara allurar filgrastim mai tayar da jinin, Sista ce ke zuwa yi mata a fatar ciki, ta kuma faɗa mana tun kafin a fara cewa tana sa ciwon ƙashi musamman baya da ƙugu.

Sai ƙwayar maganin hanta, wadda ita ce mutane ba su cika ba wa muhimmanci ba saboda hankali duk yana kan kansar. Wata 'yar dubiya ta ɗauki robar maganin a kan durowa ta karanta, ta ce ai wannan maganin masu ƙanjamau ne, ta san shi. Kuma ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, tenofovir yana cikin haɗin da ake ba masu HIV, magani ɗaya ne yake aiki a kan ƙwayoyin cuta biyu. Amma kun san yadda magana take a unguwa. Umma ba ta ce wa kowa komai ba, ta daina sha, in na tambaya ta ce ta sha. Sista ce ta gano, don ashe duk zuwan da take yi sai ta juye ƙwayoyin a murfi ta ƙirga, ta ga lissafi bai fita ba. Ba ta tona ta a gaban mutane ba, sai da ɗaki ya watse ta zauna a bakin gado ta ce, "Mama, me aka ce miki a kan maganin nan?" Ta ɗauko takardar gwajin HIV ɗin ta karanta mata da Hausa, ta yi mata bayani cewa wannan ƙwayar ba a yanke ta kai tsaye, in aka daina kwatsam cutar tana dawowa da ƙarfin da ya fi na da, kuma a tsakiyar kemo hantar ba za ta iya ɗauka ba. Ta sa na sanar da likita a ranar aka sake awon hanta, Alhamdulillah bai motsa ba. Daga nan aka mayar da shan ƙwayar bayan sallar isha'i a gabana, robar kuma ta koma cikin jaka.

Shi ma tenofovir ɗin yana da nasa, ƙoda yake taɓawa in ba a kula ba, da ƙashi in an daɗe ana sha, shi ya sa take bin mu da tunin awon ƙoda duk lokacin da za a yi awon jinin kemo. Da aka koma paclitaxel ciwon gaɓoɓi ya zo, tafin ƙafa da yatsu suna mata jimirmiri kamar ana tsira mata allura, sai ga ƙanena ya shigo da diclofenac da irin haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis. Sista ta karɓe, ta ce diclofenac da ibuprofen da tenofovir duk a kan ƙoda suke sauka, ba a tara mata su, a gaya wa likita ya rubuta wanda ya dace, a kuma gaya masa maganar yatsun don wani lokaci rage yawan maganin ake yi kafin jijiyoyin su lalace. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa ba irin wanda ba a kawo mana ba, kowa da jarkarsa ta maganin hanta da ta maganin daji. Matsayinta a nan ya yi min daidai, ta ce addu'a da tofi da zamzam a yi ta yi ba dare ba rana, ita ma tana tayawa, amma duk abin da aka jiƙa ko aka dafa ba a san me ke ciki ba kar ya shiga cikin Mama, hantar da ke fama da kemo da ƙwayar cuta ba ta da sararin ɗaukar na uku. Ta koya mana abin da za mu riƙa dubawa, farin ido in ya fara yin ɗorawa, fitsari ya yi duhu sosai ba a ranakun jan ruwa ba, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko barci da ruɗewa da ba a saba gani ba.

Ita ce kuma ta kashe maganar ware kwano. Wasu dangi sun fara ware wa Umma kofi da cokali, ana cewa ciwon hanta ta gumi ake ɗauka. Ta tara mu ta ce ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gumi ko gaisawa, ta jini ne da saduwa da kuma uwa zuwa jariri wajen haihuwa, abin da za a raba shi ne reza da abin yankan farce da burushi. Ta ce mu 'ya'yanta duk mu je a gwada mu, wanda ba shi da ita ya yi rigakafi allura 3, ta farko, bayan wata 1, sai bayan wata 6, jaririn da za a haifa a gidan kuma a tabbatar an yi masa tasa cikin awa 24. Mun je, kuma an samu ɗaya a cikinmu da ita, yanzu yana ganin likita.

Toh yanzu ga inda suka ɓata min rai. Ana tsakiyar tafiya ba sanarwa ba komai suka canza mana nas, wai an kai Sista wani gida. Wadda ta zo ba ta san ma me ke damun Umma ba, ba wanda ya yi mata bayani, littafin da ke ajiye ko buɗe shi ba ta yi ba. Ina shigowa na tarar ta naɗa abin awon jini a hannun hagu, ga rubutu ɓaro-ɓaro a saman kanta. Rabin lokacinta a waya, hannu kuma sai na ce ta wanke. Abin da ya ƙarasa ni, ta ga Umma ba ƙarfi sai ta ce a kawo kuɗi ta siyo ruwa da allurar bitamin ta ɗaura mata "ta ji garau", ba likita ba awo ba komai, a jikin mai ciwon da ake lissafa duk abin da ke shiga jijiyarta. A satin nan ne kuma wasu ƙuraje masu ruwa suka fito wa Umma a jere a gefe ɗaya na bayanta suna mata zafi kamar wuta, ta duba ta ce ƙurajen zafi ne a shafa hoda. Hoton na tura wa Sista, ta ce maza a kai ta, ƙwayar ƙarambau ce da ke kwance a jijiya take tashi in garkuwa ta faɗi, kuma maganin ya fi aiki in an fara cikin kwana 3. Acyclovir aka ba ta sau 5 a rana na sati ɗaya, da sharaɗin shan ruwa sosai saboda shi ma ta ƙoda yake fita. Da mun bi maganar hoda fa?

Na kira ofishinsu na ce ko su dawo mana da Sista ko mu rabu, sai da na yi ta bibiya kafin suka dawo da ita. A tallarsu sun rubuta cewa akwai likita da ke duba aikin nas-nas ɗinsu, mu dai har muka gama ba mu taɓa jin muryarsa ba. Layin dare na riga na faɗa. Kuɗi kuma mun yi yarjejeniya a kan wani abu, ana cikin tafiya suka ƙara wai kuɗin mai ya tashi, sannan safar hannu da auduga da sirinji duk a kanmu, alhali ba su faɗa da farko ba. Latti ma akwai, amma wannan ban cika riƙe shi ba, wanda ya san go-sulo ɗin garin nan da yamma zai yi uzuri.

Wanda aljihunsa bai kai ya ɗauki ta kullum ba, kuma yawancinmu haka ne don kemon kanta ta isa ta tsotse gida, shawarata ya ɗauki ta ziyara, ya saka ta a kwana ukun farko bayan ruwa lokacin amai, da kuma sati na biyu lokacin faɗuwar jini, sauran ranakun wani a gida ya riƙe littafin. Ku kuma tambaya a asibitinku game da asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi kansar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate mai kama maza, ko da wani ɓangare na magani ya rage muku.

In maki zan bayar, Sista biyar cikin biyar, kamfanin kuma uku, ukun ma albarkacinta. Umma ta gama ruwa na takwas, gashi ya fara tsirowa fari tas mai laushi, yatsun ƙafa har yanzu da saura, tenofovir tana nan tana sha kullum bayan isha'i. An rubuta mana gasa wurin ciwon da na'ura, wato radiotherapy, nan gaba kuma zan sake ɗaukarsu, amma wannan karon sai an rubuta a takarda cewa nas ɗaya ce ba canji sai da sanina, an rubuta kuɗin da abin da ya ƙunsa, kuma sun ba ni lambar wanda zai ɗauki waya da ƙarfe biyun dare, in gwada ta a gabansu kafin in biya.